Muƙalar Mako: Fatalwar Tailan, Rijiyar Kusugu da Mai Cikin da Muka Kasa Rubutawa

  

Makonni biyu da suka wuce mun buƙaci a turo gajerun labarai na ban tsoro. Alhamdulillahi an turo, mun kuma zauna mun karanta su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu hannu a cikinmu, wannan ba a musu. Sai dai wani abu ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ɗage maudu'in da muka shirya muka ɗauko wannan. Kusan duk labaran da aka turo, tsoron da ke cikinsu na aro ne. Wannan ta kawo tsohon gidan sama a tsakiyar daji mai ƙofa tana kuka. Wancan ya kawo mai shan jini da dogayen haƙora sanye da baƙar alkyabba. Wata kuma madubi ne yake magana da ƙarfe sha biyun dare. Mun karanta, mun yaba da ƙoƙari, amma ko ɗayanmu bai waiwaya bayansa ba da ya tashi zuwa alwala. Labarin ban tsoro kuwa in bai sa ka waiwaya ba, bai yi aikinsa ba.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne: tsoron da ya fi kowane girma a gidajenmu yana nan a ɗakin mai naƙuda, mu kuma marubuta mun tsallake shi mun tafi yawon neman dodo a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Domin a fahimci abin da muke nufi, bari mu fara leƙa wata ƙasa mai nisa, sannan mu dawo gida Daura.

ABIN DA MUTANEN TAILAN SUKA YI DA NASU TSORON

A ƙasar Tailan babu yaron da bai san labarin Mae Nak ba. Ana cewa ta yi zamani ne a ƙarni na 19, a wani yanki da ake kira Phra Khanong, wanda yanzu ya shige cikin birnin Bankok. An ɗauki mijinta Mak aikin soja ya tafi ya bar ta da ciki. Naƙuda ta zo da gardama, ta rasu ita da abin da ke cikinta. Da Mak ya dawo sai ya tarar da matarsa a gida da jariri a hannu, ta tarbe shi, ta dafa masa abinci, suka ci gaba da zama. Duk garin sun san ta mutu, shi kaɗai ne bai sani ba. Duk maƙwabcin da ya yi yunƙurin faɗa masa gaskiya ba ya kwana lafiya. Rannan tana daka kayan miya a saman gidansu na katako mai dogayen ƙafafu, sai lemon tsami ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Maimakon ta sauko, sai hannunta ya miƙe, ya yi ta tsawo har ya ɗauko lemon. Mak yana gani. A ƙarshe wani babban malamin addinin Buddha ne ya kwantar da ita.

An mayar da wannan labari fim fiye da sau ashirin. A 1999 Nonzee Nimibutr ya yi Nang Nak, wanda ya girgiza kasuwar fim ta ƙasar. A 2013 Banjong Pisanthanakun ya sake ɗauko shi da sunan Pee Mak, ya haɗa tsoro da barkwanci, fim ɗin ya tara sama da bat biliyan 1, kuɗin da babu fim ɗin ƙasar da ya taɓa tarawa kafinsa. A wannan karon an juya labarin: ashe Mak ya daɗe da sanin matarsa ta mutu, ya zaɓi ya yi shiru domin ba zai iya rabuwa da ita ba. Har yau akwai wurin da aka keɓe wa Mae Nak a wurin bautar Wat Mahabut, masu ciki na zuwa neman sauka lafiya, samari na zuwa neman kada ƙuri'ar shiga soja ta faɗa kansu. Wannan aƙidarsu ce, mu ba tamu ba ce, za mu zo kan wannan.

Abin da ya shafe mu a matsayin marubuta shi ne dalilin da ya sa labarin ya ƙi mutuwa. Mutanen Tailan sun yi imani cewa wanda ya yi mutuwar gaggawa kurwarsa ba ta kwanciya, kuma a cikin irin waɗannan babu wadda suke tsoro kamar macen da ta mutu da ciki. Me ya sa? Domin a zamanin da aka haifi labarin, kowane gida ya san wata da ta shiga ɗakin haihuwa ba ta fito ba, kowane gida ya san wani da hukuma ta ɗauke ya bar iyali. Fatalwar tana tsaye ne a kan ciwon da kowa ya sani. Hannun da ya miƙe ɗauko lemo yana tayar da tsigar jiki, amma abin da ke sa mai kallo hawaye shi ne mace ce da ta so ta ƙarasa rayuwar da aka yanke mata.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar da ba Musulmi ba. A Malesiya da Indonesiya, inda Musulmi suka fi yawa, suna da pontianak ko kuntilanak, ita ma mace ce da ta mutu da ciki ko wurin haihuwa, kuma tun 1957 ake fim a kanta. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun san churel mai juyayyun ƙafafu, asalinta ɗaya ne. Ga kuma wani abin da ya kamata ya faranta wa 'yan wannan zaure rai: labarin KKN di Desa Penari wani ne mai ɓoye sunansa ya fara zuba shi a Twitter a 2019, guntu-guntu kamar yadda muke yi a nan. Da aka mayar da shi fim a 2022, sama da mutum miliyan 9 suka sayi tikiti a Indonesiya. Ɗalibai ne suka je wani ƙauye, suka taka dokar ƙauyen. Kayan gida ne tsantsa, kuma rubutun waya ne ya haife shi.

MU DAWO GIDA

Mu da muka tashi a Daura da kewayenta ba mu da uzurin cewa ba mu da kayan aiki. Tarihin kafuwar garinmu kansa da labarin ban tsoro ya fara. Maciji a cikin rijiyar Kusugu, ana kiransa Sarki, ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka ce babu. Ya karɓi guga ya tafi shi kaɗai cikin duhu. Ku lura da abin da ya riƙe labarin nan tsawon ƙarnoni: macijin yana kwance ne a kan ƙishirwa. Duk wanda ya taɓa rani a ƙasar Baure ko Zango ko Mai'aduwa ya san abin da ake nufi da rijiyar da ba ka isa ka kusance ta ba. Da a bakin wani kogon zinariya aka ajiye macijin, da tuni an manta da shi.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin Bayajidda da muke wucewa da sauri. Kafin ya iso Daura, ya gudo ne daga Borno da matarsa 'yar Mai, tana da ciki. A Garun Gabas, ta wajen Haɗeja, ya bar ta ya ci gaba da tafiya, a can ta haifi Biram. Mun haddace wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, mun haddace kan maciji da takalmin da ya bari a bakin rijiya, mun san Bawo da Karɓagari. Amma wane ne a cikinmu ya taɓa zama ya rubuta daren da wannan baiwar Allah ta yi naƙuda a baƙon wuri, miji ya yi gaba, uba yana baya da fushi? Ga mace mai ciki da aka bari a hanya tun a shafin farko na tarihinmu, ba mu taɓa tambayar ta yadda ta kwana ba.

Sannan ga abin da muka ji da kunnenmu a ɗakunan iyayenmu da kakanninmu. Mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. Kada ta fita da almuru, kada ta fita rana tsaka, kada ta bi ta gindin tsamiya ko kuka, kada ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla. In an haihu, a ajiye wuƙa a wajen kan jariri, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki don gudun musanya. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa a ce tana wabi, in ta sake haihuwa a raɗa wa yaron Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa za ta ɗauke kai. Ku tsaya ku yi tunanin uwar da ta kira ɗanta da sunan juji saboda tsananin so. Wane gidan sama ne a daji ya kai wannan? Wanda ke son ƙarin bayani a rubuce ya nemi littafin al'adun Hausawa da Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura suka wallafa a Zariya a 1968, ko tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Amma wanda ke da kaka a raye ya fi mai littafi sa'a.

INDA MUKA RABA HANYA DA MAE NAK

Mun san tambayar da ke bakin wasunmu, kuma tambaya ce mai kyau: shin ana so mu riƙa rubuta cewa matattu na dawowa? A'a. Aƙidarmu a fili take, wanda ya mutu ya shiga barzahu ba ya dawowa duniya, ƙarshen Suratul Muminun ya yanke wannan magana. Manzon Allah (SAW) ya kore camfin Larabawan jahiliyya na cewa ran mamaci yana zama tsuntsu yana yawo. Abin da mutane ke kira fatalwa, malamanmu sun fassara shi da ɗayan biyu: ko shaiɗanin aljani ne ya ɗauki kama don ya ruɗar da mutane, ko kuwa idon mai tsoro ne da zuciyar mai baƙin ciki. Ƙari a kan haka, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ya lissafa macen da ta mutu da ciki ko a wurin haihuwa cikin shahidai.

To ku dubi wannan bambanci da idon marubuci. A can, wadda ta mutu da ciki ita ce abin gudu. A nan, ita ce mai daraja, ana yi mata kyakkyawan zato fiye da kowa. Saboda haka in muka kwafo Mae Nak muka sa mata atamfa da mayafi muka kira ta da sunan Hausa, mun yi asara biyu: mun taɓa aƙida, mun kuma yi ƙarya a kan mutanenmu, domin ba haka suke kallon irin wannan mamaciya ba. A labarinmu mamaciyar ba za ta zama dodo ba. Dole tsoron ya koma wani wuri. Ina zai koma? Wurin masu rai.

Bari mu ba da abin da ya faru a dangin ɗaya daga cikinmu, a wani ƙauye da ke ƙasar Sandamu. Ba za mu kama suna ba. Yarinya ce, cikin fari, miji ya tafi ci-rani kudu. Ta yi kwanaki ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, kanta na sara, amma kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa uwar miji, waɗanda suka lura kuma suka ce ai haka ciki yake. Wata ranar da magariba ta zagaya bayan gida, tana dawowa ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, ido ya kafe, kumfa a baki. Nan take aka ce ta yi gamo. Aka kawo garwashi da turare, aka aika a karɓo rubutu, aka danne ta. Wata maƙwabciya ta ce a kai ta asibiti, aka ce sai an ji daga bakin maigidanta, wayarsa kuwa a kashe. Aka kira wansa, ya ce a jira gari ya waye. Da asuba aka samu mota. Ba su kai bakin kwalta ba rai ya yi halinsa.

Bayan kwana bakwai yara suka fara cewa sun gan ta a bakin rijiya da almuru. Mata suka daina zuwa ɗiban ruwa su kaɗai. Kafin arba'in, magana ta koma kan wata tsohuwa marar ɗa da ke ƙarshen gari, wai ita ta kama kurwarta, domin an ga ta shafa cikin ranar wani suna. Aka daina gaishe ta, aka hana yara karɓar abin hannunta. Mijin kuwa da ya dawo, a cikin jakarsa akwai turmin atamfa da kayan jariri da ya saya tun kafin labari ya same shi. Ya rufe ɗakin ya hana a taɓa komai, kullum da dare sai ya kunna fitila a ciki.

Yanzu ku gaya mana, me labarin nan ya rasa? Akwai duhu, akwai almuru, akwai wadda ake gani a bakin rijiya, akwai wadda ake zargi, akwai ɗakin da fitila ke ci babu kowa. Marubuci ba ya buƙatar ya ce mamaciya ta dawo. Ya isa ya nuna gari guda da ya gwammace ya ga fatalwa da ya tuna daren da ya zauna yana jiran waya ta shiga.

ABIN DA KE KASHE SU YANA DA SUNA

Wannan jijjiga da aka kira gamo, ciwo ne sananne da hawan jini na masu ciki ke haifarwa. Alamunsa su ne waɗanda aka gani aka share: kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. Awon ciki yana gano shi da abin awon jini da gwajin fitsari, kuma akwai allurar maganeziyam salfet da ake tsayar da shi da ita, ba ta da tsada. Sauran manyan masu kisan su ne zubar jini bayan haihuwa, wanda kan iya ɗauke mace cikin awa biyu, da doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan sauka. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda sau da yawa takan fito da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, kimanin kilomita 80 daga Daura, tun tsakiyar shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin waɗannan mata a can, dubbai sun bi ta hannunsa. Da yawansu kafin su isa an riga an ware musu kwano an fitar da su bayan gida, suna raye ana gudun su kamar fatalwa.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a wannan shekara kaɗai, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A shekarar, a kowace haihuwa 100,000 mun rasa sama da mace 1,000. A Tailan adadin bai kai 50 ba. Wato su Mae Nak ta zama musu labarin jiya, suna iya zuwa silima su yi ihu su yi dariya su koma gida. Mu namu na daren jiya ne, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka tsara abin da ake kira jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa saboda hanya ko rashin mota ko kuɗi, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Masana lafiya suka rubuta shi don aikinsu, amma duk marubucin da ya dube shi zai ga gadon labari ne a shimfiɗe: farko, tsakiya, ƙarshe, ga lokaci yana tafiya, ga mai karatu ya san abin da mutanen cikin labarin ba su sani ba. Da wannan ake gina fargaba.

ALƘALAMI YANA IYA CUTARWA

A nan ne nauyin yake. Sunan da al'umma ta ba ciwo yana yanke inda za a kai marar lafiya. Ku tuna shan inna. Sunan kansa yana cewa Inna ce, ta cikin iskokin bori, ta shanye ƙafar yaro. An sha wahala ƙwarai kafin mutane su yarda ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi ke karewa, sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'inta na asali. In muka rubuta labari mai daɗi wanda a ƙarshensa aka tabbatar aljani ne ya jijjiga mai ciki, boka ko mai ruƙiyya ya zo ya cire shi ta miƙe garau, to mu sani wata za ta karanta a waya, wata rana ƙanwarta ta faɗi a gabanta, ta tuna labarinmu. In muka rubuta cewa kishiya ce ko tsohuwar ƙarshen gari ta cinye cikin, mun ƙara itace a wutar da ta riga ta ci mutane, domin mun sha jin inda aka tilasta wa wadda ake zargi da maita ta tsallaka marar lafiya a gaban jama'a, wani wurin ma abin ya kai ga duka da kisa. Littattafanmu na soyayya sun riga sun cika da kishiya mai asiri. Kada mu ɗauko ta mu sa mata sabuwar riga mu ce mun yi labarin ban tsoro.

Ba muna cewa a kore aljanu daga adabi ba. Aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu, kuma tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934 har zuwa littattafan su Nazir Adam Salih suna nan cikin rubutunmu. Abin da muke cewa shi ne marubuci ya san inda ya ajiye su. Bar mutanen cikin labarinka su yi imani da abin da mutanen gaske ke imani da shi, kada ka mayar da su wawaye, domin uwar mijin da ta kawo turare son yarinyar take yi, abin da ta sani ta yi. Amma kai da ke riƙe da alƙalami ka ajiye wa mai karatu alamun gaskiya a hanya, yadda zai rufe labarin ya san abin da ya faru ko da mutanen ƙauyen ba su sani ba.

Wani zai ce, ai kwana ne ya ƙare, kuma shahida ce, me ya rage a faɗa? Mun yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau. Amma wanda ya ba ta darajar shahada shi ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Shahadarta tsakaninta da Ubangijinta ne. Sakacinmu kuwa namu ne, za a tambaye mu. Wata kuma za ta ce irin wannan rubutu zai firgita masu ciki. 'Yar uwa, a firgice suke tun kafin mu rubuta, sai dai kunya ta hana su faɗa. Labarin da ya sa miji ya bar izini da kuɗin mota kafin ya tafi ci-rani, ko ya sa amarya ta buɗe baki ta ce kaina na ciwo, ya rage tsoro ne a gidan. Masu cewa kasuwa soyayya take so kuwa, su sake duba Mae Nak. Labarin soyayya ne daga farko har ƙarshe, shi ya sa ya sayu.

GA MAI SON GWADAWA

Na farko, je ka tambaya. Zauna da kakarka, ko tsohuwar ungozomar unguwarku, ko wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aikin dare a ɗakin haihuwa. Ka yi shiru ka saurara, ka riƙe kalmominsu yadda suka faɗe su. Maza a cikinmu su nemi wannan ta hannun iyaye da yayye, da ladabi.

Na biyu, nemi lemon tsaminka. Abu ɗaya ƙarami na yau da kullum wanda ya ɗan kauce daga yadda aka san shi ya fi jini kwano goma. Tukunyar wankan jego da aka tanada tun wata bakwai, an tara itace, ba a taɓa hura ta ba. Zanen goyo a kan igiya. Mai kiran waya da ke jin tana ringin a cikin ɗakin da aka kulle.

Na uku, kafa labarin a wurin da ka sani. In hanyar Kwangwalam ce, mu ji ƙurar ta da ƙarar babura. In cikin birni ne, mu ji kiran sallar asuba daga masallacin unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu, ba mamaciyar rai kafin ka kashe ta. Mu san abin da take sha'awa, wanda take yi wa tsiya, sunan da ta ɓoye a ranta za ta sa wa jaririn. In ba mu so ta ba, ba za mu ji tsoron rasa ta ba.

Na biyar, kada ka tsaya wa'azi a ƙarshe. In labarin ya yi aikinsa, mai karatu zai yi wa kansa.

Aikin wannan mako: gajeren labari da bai wuce kalma 800 ba, wanda ya faru cikin dare ɗaya, daga magariba zuwa asuba, a gidan da akwai mai ciki. Sharaɗi uku: mamaci ba ya dawowa, ba a kama sunan wani mutum na gaske ko wani asibiti, kuma ba a tabbatar da maita a kan kowa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin daren Alhamis, ranar Asabar za mu zaɓi uku mu tattauna su tare. Wanda bai yarda da ra'ayinmu ba shi ma ya faɗi hujjarsa, zauren na kowa ne, sai dai a kiyaye harshe.

Waɗanda suka rasa uwa ko mata ko 'ya ko 'yar uwa ta wannan hanya, mun san akwai su da yawa a cikinmu, Allah ya jiƙan su ya karɓi shahadarsu. Masu ciki kuma Allah ya sauke su lafiya. Sai mun ga labaranku.